Kyamara Mai Mantuwa

Na roƙi Edita ya ba ni fili a cikin wannan mujalla tamu in yi magana a kan wani abu ƙarami, wanda in na faɗi sunansa wasu za su yi dariya su ce Malam ya rasa abin rubutawa. Abin kuwa shi ne wani ɗan batir, bai fi maɓallin riga girma ba, wanda ke ɓoye a cikin tsohuwar kyamarar sashenmu. A zangon da ya wuce saura ƙiris wannan ɗan batir ya sa wani ɗalibinmu ya maimaita shekara guda cur, ni kuma ya zubar mini da mutuncin da na daɗe ina tarawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tun da fari kuwa bari in faɗa, kada wani ya riga ni, mafi yawan laifin nawa ne.

Ga yadda abin ya faru. Cikin ɗaliban da aka tura gwajin koyarwa akwai wani yaro mai natsuwa da aka aika wata makarantar firamare a Gwarinpa. Da ya ke a nan unguwar na ke zaune, sai aka ɗora mini duba shi. Ka'idar sashenmu, kamar yadda kuka sani, ita ce malami ya je sau uku, ya zauna a bayan aji, ya cika takarda, kuma ya ɗauki 'yan hotuna da kyamarar sashe don a sa cikin fayil ɗin ɗalibi. Ranar zuwana na farko na karɓi kyamara daga sito, na tarar ba batir a cikinta, domin akawunmu ya saba cire su in an mayar da ita. Na tsaya wani kanti a bakin titi na sayi guda biyu na saka. Da na kunna sai ta nuno mini waɗansu lambobi suna ƙyaftawa, watau tana tambayata yau wace rana ce, ƙarfe nawa kuma. Ni kuwa na makara, cunkoson motoci ya riga ya cinye mini rabin sa'a, ga hedimasta tsaye yana jirana. Sai na danna maɓalli na wuce tambayar, na ce a raina ai hoto na zo ɗauka, ba agogo na zo gyarawa ba. Haka na yi a zuwa na biyu, haka kuma a na uku.

Yaron ya yi koyarwa mai kyau. Rana ta farko ya koya wa 'yan aji huɗu kason lissafi da lemo da wuƙa, har na ga wata yarinya da ke can ƙurya ta gane bambancin rabi da rubu'i, fuskarta ta washe. Na ba shi maki mai yawa, na mayar da kyamara, na manta da zancen.

Sai ranar da kwamiti ya zauna duba fayiloli. An riga an sami labarin cewa a shekarun baya waɗansu ɗalibai ba su zuwa inda aka tura su, sai su kawo takardun da aka sa wa hannu a bayan fage, saboda haka bana kwamiti ya tsananta bincike, kuma ban ga laifinsa ba. Aka buɗe hotunan yaron nan a kwamfuta. Dukansu, na zuwa uku, kwanan wata guda su ke ɗauke da shi, 1 ga Janairu 2005, 'yan mintoci bayan ƙarfe goma sha biyun dare. Wani dattijo cikinmu ya cire tabarau ya ce, "To, mun dai san ba a 2005 aka ɗauke su ba, don a lokacin yaron nan ko yaye shi ba a yi ba. Amma kyamara ta ce rana guda aka ɗauke su duka. Me zai hana mu zaci rana ɗaya aka je, aka sake riga sau uku?" Bai dube ni ba sa'ad da ya ke faɗin haka, amma kowa a ɗakin ya san ni ne na karɓi kuɗin mota na zuwa uku.

Aka kira yaron. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wallahi ban taɓa fashi ba ko na kwana ɗaya." Muryarsa na rawa. Ni ma na rantse, amma rantsuwar wanda a ke zargi ba ta da nauyi a gaban kwamiti. Abin da ya cece mu ba wani abu ba ne sai alli. Wata malama ta ce a ƙara girman hoton a dubi kusurwar allo. Ashe kowace safiya monitan ajin kan rubuta rana da kwanan wata a saman allo, hannun dama, kamar yadda aka koya mana tun muna 'yan aji ɗaya. Hoto na farko ga Talata da kwanan watanta, na biyu ga Alhamis ta wani mako dabam. A na uku kan yaron ya tare lambar, amma sunan ranar da na watan sun fito, aka gwada da littafin shirin darasinsa wanda hedimasta ya sa wa hannu, suka yi daidai. Dattijon nan ya mayar da tabaransa ya ce a wuce fayil na gaba.

Na fita ɗakin nan ina gumi, na ƙudura sai na san dalilin wannan mantuwa. Abin da na samu shi na ke so in gaya wa 'yan'uwana malamai da ɗalibai, domin na lura da yawa cikinmu sun ɗauka na'ura sanin lokaci ta ke yi kamar yadda zakara ke sanin asuba.

Kyamara ba ta san lokaci ba, ƙirga kawai ta ke yi. A cikinta akwai wata 'yar ƙwayar dutse, irin wadda ke cikin agogon hannu mai batir, wadda in wuta ta ratsa ta sai ta riƙa kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan. Malaman lissafi za su so wannan lamba, don in ka yi ta raba ta biyu har sau goma sha biyar, ɗaya za ta rage, kuma ta haka na'urar ke fitar da sakan guda. Daga sakan ta tara minti, daga minti ta tara kwana, ta ɗora a kan ranar da mutum ya faɗa mata tun farko. Wannan ƙirga ba ta tsayawa ko an kashe kyamarar, saboda haka tana bukatar 'yar wuta dare da rana, kuma dole a sami abin da zai riƙe ta sa'ad da aka cire babban batir. A waɗansu kyamarori, kamar da yawa cikin na Canon na farkon shekarun 2000, akwai ɗan batir mai kama da maɓalli a wani ɗan aljihu, wanda mutum zai iya zarewa ya sake. Sunansa ma awonsa ne: wanda a ke kira CR2016 faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 1.6. A waɗansu kuwa an like ɗan batirin a can ciki, yana shan caji daga babban. Littattafan waɗansu kyamarorin Nikon sun ce kwana biyu ko uku yana sha ya isa ya riƙe agogo wata ɗaya zuwa wata uku. Amma wannan a lokacin ƙuruciyarsa ke nan. In ya shekara goma sha biyar, ya sha zafin watan Maris na Abuja a cikin sito mai rufin kwano, sai ya koma kamar tulu mai huji, ana zubawa yana tsiyaya. Da an zare babban batir, ƙirga ta yanke, sai kyamara ta koma ranar da masu ƙera ta suka dasa mata. Wata takan koma shekarar da aka yi ta, wata 2000, wata ma har 1980, domin tsarin ajiyar da katin memori ke aiki da shi daga 1 ga Janairu 1980 ya fara lissafinsa.

A nan ne na ga ba zan iya ɗora wa akawunmu laifi ba, ko da ya ke na so in yi. Shi yana cire batura ne don kada su yi ruwa a ciki su cinye ƙarfen, kuma gaskiyarsa, duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar tocila ya ga farin garin nan ya san abin da ya ke gudu. To, in ka bar batir kyamara ta ruɓe, in ka cire ta manta. Na kai ta wurin wani mai gyara a Banex, can Wuse, ya buɗe ya duba ya ce, "Malam, naka irin na ciki ne. Zan iya nemo wani in like maka, amma kuɗin aikin ya kusa kuɗin wata kyamarar ta gwanjo." Na tambaye shi to mene ne dabara. Ya ce, "In ta tambaye ka kwanan wata, ka ba ta amsa." Na biya shi kuɗin dubawa na fito ba tare da na ce uffan ba.

Wani zai ce ai wannan duk zancen tsohuwar na'ura ne, a jefar da ita a huta. Zan zo kan wannan. Amma kafin nan ina so mu dubi irin ɓarnar da aka riga aka yi, wadda jefar da kyamara ba ya gyara ta.

A zamanin fim, mutum yakan kai a wanke masa hoto, ya karɓo takarda a hannu, sau da yawa a juya bayanta a rubuta, "Ranar sunan wance, watan kaza, shekara kaza." Ko ba a rubuta ba, hatimin mai hoto na nan. Waɗansu kyamarorin fim ma sukan buga kwanan wata da jan rubutu a gefen hoton, ko da ya ke su ma da tasu gazawar, don da yawa cikinsu kalandarsu a 2019 ta ƙare. A zamanin wayar hannu kuma, waya na karɓar lokaci daga kamfanin sadarwa, ba ta dogara da tunanin mai ita ba. Amma tsakanin waɗannan zamanai biyu akwai wajen shekara goma ko sha biyu, daga farkon shekarun 2000 zuwa lokacin da waya mai kyamara ta game hannun kowa, waɗanda aka daina rubutu a bayan hoto, don babu bayan da za a rubuta a kai, aka bar wa ɗan batirin nan amanar tarihi shi kaɗai. Kwanan watan yana shiga cikin fayil ɗin hoton ne, bisa wani tsari da kamfanonin Japan suka fitar a 1995, ba wanda ke ganinsa sai ranar da aka bukace shi. Ranar kuwa ba a iya gyara komai da tuni.

Ku dubi unguwarmu. An fara gina rukunin gidajen Gwarinpa a shekarun 1990, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, 'yan shekaru kaɗan bayan gwamnati ta taso daga Ikko zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991. Gbagyi na nan tun kafin a zo da awo da turaku, amma gidajen da titunan nan masu lamba, daga na ɗaya zuwa na bakwai, sababbi ne. Watau shekarun da unguwar ta cika da mutane, aka dasa itatuwan da mu ke shan inuwarsu yau, aka buɗe makarantu da masallatai da coci-coci, gidajen kwana na bakin titi suka rikiɗe suka zama kantuna, su ne daidai shekarun waɗannan kyamarori. Duk wanda zai rubuta tarihin Gwarinpa nan gaba, ko ɗalibinmu na sashen tarihi da za a ba shi wannan aiki, zai tarar da hotuna tuli a tsofaffin memori da fayafai, kuma wani kaso nasu zai rantse masa cewa ranar 1 ga Janairu aka yi komai, da tsakar dare.

Wannan rana ta 1 ga Janairu ba baƙuwarmu ba ce. Duk malamin da ya taɓa cika rajistar shiga makaranta, ko ya duba takardun rantsuwar shekaru da ma'aikata ke kawowa, ya san yawan mutanen da aka ce an haife su ran nan. Ba wai uwaye mata sun haɗa baki ba ne. Ba a rubuta ba, da aka zo tambaya sai akawu ya sa ranar da ta fi sauƙi. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙasar nan, amma har yanzu muna karɓar yara waɗanda iyakar abin da uba zai ce shi ne an haife shi da kaka, shekarar da aka yi ambaliya. Ni kaina abin da mahaifiyata ta riƙe shi ne ina goye aka yi canjin hannu, watau lokacin da motoci suka koma bin dama a watan Afrilu 1972, kuma na fara tafiya kafin a fito da naira a Janairu 1973. Ka ga nata lissafin ya fi na kyamarar sashenmu, domin ita ta ɗaure ni da abin da duniya ta shaida, kuma in ba ta sani ba sai ta ce ba ta sani ba. Kyamara kuwa ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Sai ta ba ka shekara da wata da rana da minti har da sakan, da cikakkiyar fuska, alhali duk ƙarya ce. Wannan shi ya fi ba ni tsoro game da ita, kuma shi ya ruɗi kwamitinmu.

Malamanmu na da sun san wannan haɗari. Masu rubuta waƙoƙin ajami sukan rufe da ramzi, watau su saka shekarar Hijira cikin haruffa, kowane harafi da lambarsa. A lissafin da a ke bi a ƙasashenmu shinun dubu ne, ra kuwa ɗari biyu, shi ya sa za ka ga ramzin rubuce-rubucen zamanin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u na ɗauke da waɗannan haruffa biyu. Sun cusa shekarar a cikin jikin waƙar, inda mai kwafa ba zai yar da ita ba sai ya karya baiti. Littafin tarihin sarakunan Kano kuwa bai yi haka ba. Shi yakan ce wane ya yi sarauta shekara kaza, wane ya gaje shi ya yi shekara kaza, ba ya faɗin a wace shekara. Da Bature Palmer ya fassara shi ya buga a 1908, sai ya kama daga sarakunan baya-bayan nan waɗanda aka san zamaninsu, ya yi ta ɗebewa yana komawa baya har ya kai Bagauda a shekarar 999. Masana na baya sun yi ta gardama a kan waɗansu lambobinsa, kuma dole a yi, don in an yi kuskuren shekara biyar a sarki guda, duk waɗanda ke gabansa sun goce.

Na kawo wannan ne don dabarar Palmer ita ce dabarar gyaran hotunan kyamara mai mantuwa. Ko ta koma 2005, ai tana ci gaba da ƙirga daga nan muddin ba a sake zare batir ba. Saboda haka in ka sami hoto guda wanda ka tabbatar da ranarsa, sai ka fitar da tazarar da ke tsakanin gaskiya da abin da kyamara ta ce, ka ƙara wa sauran. Na gwada wannan a gida. Yayana marigayi ya bar mana memori cike da hotunan da ya ɗauka sa'ad da ya ke aiki a Gusau, duka an rubuta musu shekarar 2000. Muna ta gardama da matarsa a kan wace shekara aka yi sunan 'yarsu ta uku, sai na ci karo da hotuna biyar na mutane tsaye a fili suna duban sama, gari ya yi duhu da hantsi. Wannan kuwa husufin rana ne na ranar Laraba 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina da Maraɗi. Daga nan na ƙirga gaba kwana goma sha tara na sami ranar sunan. Amma da na wuce hoto na sittin da wani abu, sai lissafin ya sake komawa 1 ga Janairu, watau a nan ya sake batir. Daga wannan wuri zuwa ƙarshe ba ni da husufi, ba ni da allo, shi kuma mai hoton yana kabari.

Yanzu ga masu cewa a yar da kyamara a koma waya. Ban ƙi ba, agogon waya ya fi aminci. Amma akwai abu biyu. Na farko, yawancinmu ta WhatsApp mu ke tura hoto, shi kuwa in an tura hoto ta hanyar da aka saba yakan share bayanan da ke cikin fayil ɗin, har da ranar ɗauka, sai wanda ya karɓa ya ga ranar da hoton ya iso masa. Hoton bara in an turo maka yau, ya zama na yau. Sa'an nan mai son ha'inci yana iya juya agogon wayarsa da hannu kafin ya ɗauka. Na biyu, kuma shi ne dalilin da ya sa sashenmu ya riƙe kyamararsa tun farko, hotunan 'ya'yan mutane ne. Ba na jin daɗin a ce fuskokin yara arba'in na wata makaranta suna yawo a wayar ɗalibi, tare da hotunan bikin abokinsa, yau a tura nan gobe a tura can. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Nijeriya, wadda ta tsananta game da yara, amma ko babu doka ai akwai kunya. Kyamarar da ba ta da intanet, wadda ke kwana a sito a kulle, ta fi dacewa da wannan aiki. Na ma ji 'yan samari da 'yan mata yanzu sun koma neman irin waɗannan tsofaffin kyamarori a wurin 'yan gwanjo, wai launin hotonsu ya fi daɗi. To, su ma su ji: wadda aka kawo daga waje, ko agogonta na aiki, lokacin ƙasar da ta fito ta ke riƙe da shi. Ta Makka tana gabanmu da awa biyu, ta Dubai uku, ta Japan takwas, kuma sai a 2016 aka ƙara wa tsarin nan gurbin rubuta lokacin wace ƙasa ne. Ga kuma Amurkawa da ke fara rubuta wata kafin rana, har 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris.

Ban yarda kuma da masu cewa tun da na'ura na ƙarya a daina kawo hoto cikin fayil ba. Hoton ne fa ya cece mu, ba lambar da ke cikinsa ba, abin da idonsa ya gani. Kotu ma ba ta ƙi shaidar na'ura ba. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta karɓe ta, amma da sharaɗin a nuna na'urar na aiki daidai a lokacin, kuma wani mutum ya tsaya ya ɗauki nauyin faɗin haka. In alƙali ba ya karɓar maganar na'ura sai da mutum a bayanta, ban ga dalilin da zai sa kwamitin kwaleji ya fifita lambar kwamfuta a kan rantsuwar ɗalibi da ta malaminsa ba, kafin ma a tambayi ko an saita agogon. Wannan shi ne ɗan ƙorafina ga 'yan'uwana na kwamiti, na kuwa faɗa musu a gabansu. Amma laifi tudu ne, na san nawa na taka na hango nasu.

Abin da na ke roƙo ba ya cin ko kwabo. Duk wanda ya karɓi kyamara daga sito, kada ya bar gaban akawu sai ya saka batir ya saita rana da lokaci, akawu ya gani, su biyu su sa hannu a littafin sito. Minti ɗaya ne, na auna. In an isa makaranta, hoton farko ya zama na allo, a ga kwanan watan da yaro ya rubuta da hannunsa, da sunan darasi, tun kafin a ɗauki fuskar kowa. In a fili ne, wurin wasanni ko gonar makaranta, a rubuta a takarda a ɗaga a ɗauka. In batir ya mutu a tsakiyar aiki aka sake, a sake ɗaukar allon, domin igiyar ta tsinke, sai an sake ƙulla ta. Hotunan da suka fi muhimmanci kuwa, na yaye ɗalibai da na sababbin gine-gine da na baƙi, a wanke su a takarda a rubuta a baya da fensir, don biro yakan huda ya ɓata fuska.

Ku kuma ɗalibai da za ku fita gwajin koyarwa bana, na sha ganin waɗansunku sun shiga aji sun kama darasi allo ba kwanan wata, in na yi magana a ce ai yara na da shi a littafi. Ku tuna da monitan nan. Ba ta san ni ba, ba ta san akwai wani kwamiti a duniya ba, ta dai tashi da safe ta yi abin da malaminta ya hore ta da shi, rubutunta ma ya karkace ya gangara ƙasa. Na koma makarantar na kai mata littattafan rubutu guda shida da fensir, ta karɓa tana mamakin me ta yi.

Saura magana guda. Da na ke binciken nan na zazzage duk abin da ke cikin tsofaffin memori na sashenmu, na sami hotuna fiye da ɗari uku waɗanda ba a san shekararsu ba. Akwai na wata gasar muhawara, akwai na dashen itatuwa a bayan ɗakin karatu, akwai na wani malami da ya rasu wanda tsofaffin ma'aikata kaɗai za su gane. Na wanke arba'in daga ciki na lika a allon sanarwa na ƙofar ɗakin karatu, kowanne da lamba, na rataye littafi da fensir a gefe. Duk wanda ya gane kansa, ko ya gane wani, ko ya tuna shekarar da aka yi wa ginin nan shuɗin fenti, ya rubuta lambar hoton da abin da ya sani, ya sa sunansa. In bai tabbata ba ya rubuta cewa zato ya ke yi. Zan sauke su ranar Juma'ar ƙarshen wata in lika waɗansu arba'in.